Wa Ya Ce Wayar da Babu Data Gawa Ce?

Akwai wata magana da ta kama bakin matasa daga Kano har Maraɗi, wai wayar da babu data a cikinta ba ta da maraba da gawa. Da zarar saƙon kamfani ya shigo cewa data ta ƙare, sai saurayi ya wurgar da wayar kan katifa ransa a ɓace, ko kuma ya latsa *303# ya ci bashin da zai biya da ƙari. Ɗaliba ta bar karatun jarrabawa saboda "ba data". Magidanci ya rage kuɗin cefane don kada a ce ya kwana biyu ba a gan shi a WhatsApp ba.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma talaka ne ke biyan kuɗin yarda da ita. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. An yi ta kuka, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, sannan kowa ya koma ya ci gaba da saye. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne nawa ne daga cikin abin da mutum ke yi da wayarsa yake buƙatar data da gaske.

A ɗauki taswira. Mutane da yawa, har da direbobin da ke kwana a kan hanya, sun ɗauka cewa ɗigon nan mai nuna inda mutum yake daga intanet yake zuwa. Ba daga can yake ba. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa, su ne ke aiko da sigina ba dare ba rana, kyauta, wayar kuwa saurare kawai take yi ta lissafa wurin da take. Ko an zare layin gaba ɗaya za ta yi wannan lissafi. Abin da ke cin data shi ne zanen titunan, shi kuma ana iya sauke shi sau ɗaya a adana. Google Maps na ba da damar sauke yanki guda, manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps kuma suna sauke taswirar ƙasa sukutum. Direban da ya yi haka a Kano zai iya bin hanya har Agadas wayarsa na nuna masa inda yake, a wuraren da ko sandar sabis ɗaya babu.

Haka abin yake ga karatu. Tun 2007 akwai manhajar Kiwix, wadda ke ƙunshe Wikipedia cikin fayil guda a karanta ba tare da intanet ba, ta Turanci, ta Larabci, ta Faransanci, har da ta Hausa. A farkon 2023 Google ya saka Hausa cikin harsunan da manhajarsa ta fassara ke iya aiki da su ba data, matuƙar an sauke kundin harshen. Manhajojin Alƙur'ani suna adana shafuka da ƙira'a, lokutan salla kuwa lissafi ne da wayar ke yi da kanta daga kwanan wata da wurin da mutum yake. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, manhajojin gwaji masu aiki ba intanet sun cika kasuwa. Ungozoma na da Safe Delivery App, wadda wata gidauniya ta ƙasar Denmark ta tsara don ta nuna matakan ceton mai haihuwa da jariri a asibitin ƙauyen da sabis bai kai ba. Yawancin wayoyin Tecno da Itel da Infinix kuma suna ɗauke da rediyon FM, igiyar abin sauraro ita ce eriya, Freedom Radio na shigowa ba a cire wa kowa ko kwabo ba.

Kuɗi ma suna tafiya. Lambobin banki irin su *737# da *901# da *966# ta hanyar layin kira suke bi, ba ruwansu da data. Akwai ɗan caji a kai, kuma wani lokaci sukan maƙale, amma 'yan kasuwar ƙauye sun daɗe suna ciniki da su.

Abin takaicin shi ne, mutanen da suka fi kowa fahimtar wannan al'amari su ne waɗanda masu ilimin boko ke yi wa kallon raini: masu turi, 'yan downloading, yaran nan da ke zaune da tsohuwar kwamfuta a bakin tasha ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mutum ya miƙa memori da 'yan canjinsa, a cika masa da tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da waƙoƙin Shata, da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Ya koma gida ya tura wa ƙaninsa ta Xender, ƙanin ya tura wa abokansa goma, kuma babu kamfanin sadarwar da ya ga sisi, domin Xender da ire-irenta waya da waya suke haɗawa kai tsaye. Mutum ɗaya ya sauke, unguwa guda ta amfana. Wannan tsari ne cikakke na rarraba ilimi da nishaɗi, talakawa suka gina shi da kansu, ba tallafin gwamnati, ba taron bita a otal.

Kuma ya taɓa fitar da mutum duniya. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Ba kamfanin da ya tallata shi. Waƙoƙin suka riƙa tsalle daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, suka ratsa Sahara har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da su yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane. Ɗaya daga ciki ta fito a tarin da ya wallafa a 2011, yau kuma Mdou Moctar yana cika dandali a Amurka da Turai. A can ƙasar Kuba ma, shekarun da intanet ke da tsada da wuyar samu, mutane sun ƙirƙiro abin da suke kira El Paquete Semanal, ƙunshin kusan terabayit guda na fina-finai da labarai da manhajoji da ake yawo da shi hannu da hannu kowane mako. Masana sun yi rubuce-rubuce a kansa. Namu na bakin tasha kuwa sai dai a tuna da shi ranar kame.

To me ya sa aka yarda cewa waya ba data gawa ce? Domin akwai masu cin riba da wannan yarda. Facebook da TikTok da YouTube da talla suke rayuwa, talla kuwa sai mutum yana kan layi ake nuna masa. Shi ya sa aka tsara bidiyo ya kunna kansa, wani ya biyo bayan wani ba tare da an nema ba. Kamfanonin layi su ma sun tsara data mai wa'adi, ta kwana ɗaya, ta mako, ta wata, wadda ke ƙonewa idan ba a sabunta ba, don mai ita ya ji dole ya cinye ta. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya nemi riba. Laifin yana wurin malamai da 'yan jarida da jami'an gwamnati da suka ɗauki tallar ɗan kasuwa suka mayar da ita ma'aunin ci gaba, har ya zama duk wani shirin ilimi ko na lafiya da aka fito da shi sai an ce a shiga shafi kaza, kamar kowa yana zaune ne a Maitama.

Mai ja da wannan magana yana da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Komai sai an fara sauke shi, saukewar kuwa data ce. WhatsApp ba ya motsi ba intanet, kuma a kansa ne cinikin mata da yawa masu sana'a a cikin gida yake tafiya. Farashin kasuwa da labarin yau ba sa jira a cikin memori. Manhajar da aka karɓa a hannun mai turi tana iya zuwa da ƙwayar cuta ko abin satar bayanan banki, kasuwa kuma cike take da memorin jabu da aka rubuta wa 32GB alhali ba ya ɗaukar rabin haka. Sama da duka, 'yan Kannywood da mawaƙa suna da gaskiya idan suka ce turi ya cinye musu gumi, kuma haƙƙin mutum haƙƙi ne ko a faifai ko a memori.

Amma duk waɗannan hujjoji suna nuna cewa intanet na da amfani ne, ba su nuna cewa sai an kwana an tashi a kansa ba. Wanda gidansa babu famfo ba ya zama a bakin rijiya yini guda. Yakan ɗebo ya cika randa. Datar dare mai rahusa, ko Wi-Fi na makaranta ko na wurin aiki, ko ƙaramin ƙunshi na kwana ɗaya sau ɗaya a mako, sun isa a sauke darussa da taswira da littattafai, a amsa saƙonni, a rufe. Manhajar banki da duk abin da ya shafi kuɗi a sauke su daga Play Store kawai. Littattafai da wa'azi da darussan da masu su suka saki kyauta kuwa, babu haƙƙin kowa a tura su.

Arewa ta riga ta ɗanɗana abin da dogaro ga layi kaɗai ke jawowa. A watan Satumban 2021 aka rufe sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni suka shuɗe ba kira, ba saƙo, ba lambar banki. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Ghana suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A irin waɗannan ranaku abin da ke cikin wayar ne kaɗai ya rage wa mutum, kuma yawanci hotunan biki ne da bidiyon barkwanci.

Ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa suna da manhajar karatu, suna da malaman da za su iya naɗar darasin lissafi da kimiyya da Hausa. A naɗa, a matse fayilolin su yi ƙanana, a rubuta a jiki cewa kowa na iya turawa, a kai wa masu turi na kowace tasha da kowace kasuwar mako. Hukumomin lafiya su yi haka da bayanin rigakafi da haɗa ruwan gishiri da sukari, malaman gona su yi da bayanin tsutsar da ke cin masara. Masu turin nan suna da kwamfuta, suna da janareta, suna da kwastomomi a kowace unguwa, kuma a Kano hukumar tace fina-finai ta riga ta san inda suke zama.