Shagon intanet na gidan tarihin Bubu Hama: a sa sunan mai sana'a a kan kayansa

Ƴan uwana matasa, gidan tarihin ƙasa da ke Yamai, wanda muka fi sani da Mize, an buɗe shi tun 1959, kafin ma Nijar ta samu ƴancin kai. Da yawanmu abin da muke tunawa shi ne zakuna, da ƙasusuwan dinozor, da itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973. Amma a cikin gidan nan akwai rumfunan masu sana'a: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, masassaƙa. Nan suke aiki, nan suke saida abin da suka yi, da shi suke ciyar da iyalansu.

Shekara da shekaru manyan masu sayen kayansu baƙi ne, ƴan yawon buɗe ido da ma'aikatan ƙungiyoyin waje. Rashin tsaro ya daɗe da rage masu yawon buɗe ido, sannan bayan 2023 Turawa da yawa sun bar ƙasar. Maƙerin da ya kwana uku kan sarƙar Agadas guda, wa zai saida wa yanzu? In sana'a ta daina ci da mai ita, ɗansa ba zai koya ba, kabu-kabu zai tafi yi. Shi ya sa nake goyon bayan gidan tarihin ya kasance da shago a intanet, amma da sharuɗɗa.

Na farko, a san wa za a saida wa. In an ce intanet, hankalin wasu sai ya tafi Faransa da Amurka. Ni kuwa ina ganin kasuwar farko tana gida: amaryar Maraɗi mai neman bargon tera-tera, ma'aikacin Tawa mai son kyauta ta a zo a gani, ƴan Nijar mazauna Kano, Akra, Abijan da Jidda. Yawancinsu ba su da katin banki, amma suna da Airtel Money, suna da MyNita ko Amana. Shagon da ba ya karɓar kuɗi ta waya ya rufe wa ƴan ƙasa ƙofa tun ranar buɗe shi. Kuma a rubuta bayanin kaya da Hausa da Zabarmanci, ba Faransanci kaɗai ba, a rage nauyin hotuna don su buɗu ko rezo ba ƙarfi.

Na biyu, isar da kaya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, amma motocin Rimbo da STM da sauransu kullum suna ɗaukar saƙo a hanyar. A yi yarjejeniya da su, a rubuta kuɗin aike a fili tare da farashi. Kuma a fara da abin da ba ya fashewa: azurfa, fata, saƙa. Tukwanen Mirriya da na Bubon su jira sai an iya ɗaure su yadda za su isa lafiya.

Na uku, wanda ya fi damuna: kuɗin wa zai shiga aljihun wa? A rumfa, mai saye na kallon maƙeri ido da ido, su yi ciniki, kuɗi ya faɗa hannunsa. A intanet kuwa akwai mai ɗaukar hoto, mai riƙe shafi, mai karɓar kuɗi, kowa da rabonsa. In ba a yi hattara ba, sai a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don haka kowane kaya ya fito da sunan wanda ya yi shi, da garinsu, da abin da aka yi shi da shi. In an ce fatar jar akuyar Maraɗi ce, ta zama ita ce. In jakar fata sefa 10.000 ce, a rubuta nawa ne na baduku, nawa ne na gidan tarihi. Kuma masu sana'ar su samu wakilai a kwamitin da ke duba asusu, su ga lissafi duk wata.

Wani zai ce gidan tarihi ba kasuwa ba ne, kada kwaɗayin riba ya ɓata shi. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Mun san yadda aka wawashe gumakan yumɓu na Bura aka kai su kasuwannin Turai. Dokar 1997 da ke kare kayan gadon ƙasa ta wanzu saboda irin haka. To sai iyaka ta fito ƙarara: abin da ke cikin ɗakunan nuni ba na saidawa ba ne har abada, abin da ke shago sabon aiki ne, in kwaikwayo ne a buga masa hatimi a faɗi haka.

Aikin nan ba sai an jira tallafin waje ba. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram suna yaye matasan da suka iya kwamfuta da lissafin kuɗi, da yawansu na zaune ba aiki. A fara ƙarami: kaya talatin, hotuna masu kyau, lambar WhatsApp da ake amsawa, da mutum guda da ke da alhakin sanin abin da ya ƙare. In hakan ya yi wata shida ba a ci amanar kowa ba, sai a faɗaɗa, a jawo gidajen tarihi na Damagaram da Doso.

Mu ma da namu. Sallah na zuwa, bukukuwa ba sa ƙarewa. Kafin ka sayi takalmin roba na waje, tambayi kuɗin na baduku. In kuma kin sayi abu a hannun mai sana'a, ki sa hotonsa a shafinki tare da sunan wanda ya yi shi.