Lauya Ba Mai Haƙan Kabari Ba Ne

Jama'a, sai yaushe ƙananan 'yan kasuwarmu za su bar ɗaukar lauya tamkar mai haƙan kabari, wanda ba a nema sai an yi mutuwa? Ɗan Kantin Kwari ya ba da dilar atamfa bashi, ba takarda ba shaida, wai kunya. Ran da aka ci amanarsa ya ruga kotu, alhali alƙali da hujja yake aiki, ba da hawaye ba! In tsada ce kukan, 'yan layi guda su yi karo-karo su riƙe lauya ɗaya, ya riƙa duba musu takardun haya, bashi da haraji kafin su sa hannu. Kunyar rana guda ta fi asarar jari sauƙi.