Kama kuɗi daban, ƙwace su daban

Jama'a, duk wanda ya san kasuwar Aboabo a nan Tamale, ko ya taɓa bin hanyar Paga da Bawku da kaya, ya san cewa har gobe da tsabar kuɗi muke ciniki. Mai shanu a Burkina Faso ba ya karɓar cek, haka ma mai albasa a Nijar. To amma kuɗin da ke halal a kasuwa yana iya zama abin zargi da zarar an isa filin jirgin sama ko bakin iyaka.

Ƙa'idar Babban Bankin Ghana ita ce duk matafiyin da ke ɗauke da sama da dala 10,000, ko kwatankwacinsu a sefa ko naira, dole ya bayyana wa kwastan. Daga watan Satumba na 2025 an ƙara tsaurarawa: mai fita da fiye da dala 50,000 sai ya nuna rasit ɗin 'yan canji da takardar banki. Wanda ya ɓoye, a kama kuɗin nan take, kuma yana iya fuskantar tara ko shari'a. Dokar 2010 da ta kafa hukumar EOCO ita ma ta ba ta ikon kama kuɗin da take zargi. Dala 10,000 kuwa wajen sefa miliyan 6 ne, kuɗin mota guda ta shanu ya wuce haka.

Ba mu ƙi a toshe hanyar masu safarar ƙwaya da 'yan ta'adda ba. Abin tsoro shi ne a wayi gari dukiya ta zama ta gwamnati ba tare da an tabbatar wa mai ita laifi ba. A Amurka an daɗe ana haka, ana shigar da ƙara a kan kuɗin, ba a kan mutumin ba. Koke ya yi yawa har a watan Nuwamba na 2024 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta dakatar da jami'an hukumar yaƙi da ƙwayoyi daga tare matafiya haka kawai a filayen jirgi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tsarin mulkinmu na 1992 ya kare haƙƙin mallaka, ya kuma ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Saboda haka muna kira ga 'yan majalisarmu na arewa da su tsaya kai da fata: duk kuɗin da aka kama a ba da rasit nan take, a kai maganar gaban alƙali cikin 'yan kwanaki, a saurare ta a Tamale maimakon jan mutum zuwa Accra, kuma hukuma ce za ta kawo hujja. Jarin da ya kwana wata shida a hannun hukuma ya mutu, ko da an mayar da shi.

Mu ma 'yan kasuwa da gyara a wajenmu. Mu canza kuɗi a wurin da ke da lasisi, mu adana rasit, mu cike takardar kwastan kafin a tambaye mu. Alhazan da ke tashi daga filin jirgin Tamale su yi hattara da karɓar saƙon kuɗin mutane, domin duk abin da aka samu a jakarka, kai za ka amsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kare mana dukiyoyinmu, amin.