Wa Ya Raɗa Wa Hano Suna?

Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in amsa wata magana da aka yaɓa mana a zauren muhawarar ƙungiyarmu a zangon karatun da ya wuce, wadda ƙarancin lokaci ya hana ni amsa ta a wurin. Wani ɗan'uwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba tun da da ra'ayinsa nake faɗa, ya miƙe ya gyara hula ya ce wai abu uku ne Bahaushiya ba ta gada ba, watau binciken ilmi, da tafiya neman sani, da sa baki a sha'anin mulki. Ya ce duk Bature ne ya kawo su, saboda haka macen da ta neme su kwaikwayo kawai take yi. Aka tafa masa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne har da waɗansu 'yan'uwana mata cikin masu tafin.

To, rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu bi maganar tasa ɗaya bayan ɗaya.

Ni 'yar Jega ce, kakata ta wajen uwa kuwa tana zaune a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, inda ta shekara fiye da arba'in tana aikin ungozoma. Ba ta taɓa shiga aji ba. A wani dogon hutu na bi ta daji da sassafe, ita da kwandonta da 'yar gatarinta, ni da littafin rubutu da biro. Ba mu wuce itace ko ciyawa ba tare da ta faɗi sunansa da amfaninsa ba. Ta nuna mini sabara da ake jiƙa ganyenta don ciwon ciki, da bagaruwa da majema ke jima da 'ya'yanta kuma mai jego ke zama cikin ruwanta, da kalgo da ake ɗaye ɓawonsa a yi igiya a kuma tsamama kunu da ganyensa, da marke, da maɗaci. Ta san wanda ake ɗiba da damina da wanda sai rani ya tsaya. Ta san ba a sassaƙe ɓawon itace a zagaye shi, don yin haka kashe shi ne. Ta gaya mini yadda a farin 1973 da na 1984 mata suka riƙe gidaje da tafasa da yaɗiya, da 'ya'yan anza waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita su ciwu. Kafin hutun ya ƙare littafina ya cika, ita kuwa ko rabin abin da ke kanta ba ta zazzage ba.

Da muka iso gindin wani itace mai ɓawo fari-fari yana saɓulewa kamar takarda, na tambaye ta sunansa. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya, duk bokon naki ba ki san wanga icce ba? Hano na. Da shi niy yi maki dauri kina jinjira."

Ina tambayar ɗan'uwanmu mai hula: mutumin da ya san tsirrai da sunayensu, ya rarrabe su, ya san lokacinsu da illarsu da amfaninsu, ya gwada ya gani, ya kuma koya wa na baya, me ake kiransa a jami'a? Masanin tsirrai ake kiransa, har a ɗaura masa alkyabba. To me ya sa idan tsohuwa ce mai zane ɗaya sai a ce camfi take yi?

Da na koma makaranta na shiga laburare na tarar da wani tsohon littafi da aka buga a Landan a 1916, na sunayen tsirrai da Hausa. Wanda ya rubuta shi wani likita ne ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, da ya zo aiki Nijeriya ta Arewa a 1905. Ban raina aikinsa ba, ya yi ƙoƙari ƙwarai, kuma har gobe masu ƙamus suna ɗiba daga rumbunsa. Amma ai bai taho da kalmar sabara ko kalgo cikin jakarsa daga ƙasarsu ba. A bakin Hausawa ya ji su. Sai ga shi hanon nan da kakata ta yi mini dauri da shi, masanan lambun Kew na Ingila sun raɗa masa suna Boswellia dalzielii, watau sun jingina shi ga likitan. Duk ɗalibin kimiyya a duniya da wannan suna zai san shi. Waɗanda suka san itacen ɗaruruwan shekaru kafin a haifi likitan kuwa, duniya ba ta riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kada kuma ɗan'uwanmu ya ɗauka cewa matan Turawa a faranti aka miƙa musu wannan ilmi. Ku dubi furen nan mai ƙaya da ake dasawa jikin katangar ofisoshi da gidajen malamai, wanda ake kira boganbiliya. Sunan wani shugaban jiragen ruwa na Faransa ne, Bougainville, ya ci. A tafiyar da aka samo furen a Burazil akwai wata mace, Jeanne Baret, wadda a 1766 sai da ta yi shigar maza kafin ta hau jirgi, domin dokar sojan ruwan Faransa ta hana mata. Ita ce mai ɗaukar kaya da hawan duwatsu da tsinko tsirrai, saboda masanin da take yi wa aiki yana fama da gyambo a ƙafa. Ita ce mace ta farko da aka sani ta zagaya duniya, amma sai a 2012 aka samu wani tsiro aka sa masa sunanta. Babbar ƙungiyar masana halittu ta Linnean da ke Landan, wadda aka kafa a 1788, sai a 1905 ta shigar da mata. A Amurka, Alice Eastwood ta yi shekaru tana ratsa duwatsun yammacin ƙasar bisa doki tana tattara tsirrai, kuma da girgizar ƙasa ta auka wa birnin San Francisco a 1906, ita ta hau rusasshiyar matakala ta ceto busassun tsirrai kusan 1,500 kafin wuta ta cinye ginin. A ranar da ta yi wannan bajinta ba ta da ikon zaɓen ko da magajin garin, don sai a 1911 jiharta ta Kalifoniya ta ba mata ƙuri'a. Nan ƙasarmu ma, Olive MacLeod ta ratsa Nijeriya da Kamaru har Tafkin Cadi a 1910 zuwa 1911, alhali a gida Ingila babu mace ko ɗaya mai zaɓen ɗan majalisa sai a 1918. Ashe ke nan Turawan ma sun danne nasu matan, kuma da gumi matan suka ƙwaci abin da suka samu.

Sai batun tafiya neman sani. Haba ɗan'uwa! Kai da kake karanta adabin Hausa, ka manta da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864? Ka manta da 'Yan Taru? Jajis ɗinta, dattijan mata masu malfa a ka, su ne ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka masu nisa, a ƙasa, cikin rana da daji, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Wannan ya faru tun kafin Lugga ya san hanyar Sakkwato. Mahaifinta kuwa, Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna koyar da almajiran waje. Mu da muka tashi kusa da Gwandu da Gimbana bai kamata a zo ana tuna mana wannan tarihi ba.

Yanzu mu zo kan ƙuri'a, inda gizo ke saƙa. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudancin Nijeriya sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa aka ce su zauna gida. Haka aka sake yi a 1964. Hujjar masu mulkin lokacin ita ce al'ada da addini ba su yarda ba. To amma ku tsallaka iyaka kaɗan zuwa Dogondutsi ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Hausawa ne irinmu, Musulmi irinmu, amma tun 1956 doka ta ba kowane baligi a Nijar, mace da namiji, ikon zaɓe. Bahaushiyar Dogondutsi ta riga 'yar'uwarta ta Jega da shekara ashirin cur. Addininsu ya zube ne? Wanda ya karanta Suratul Mumtahana ya san cewa mata da kansu suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mubaya'a, ba su aiki mazansu su yi musu ba.

Kuma ba wata Baturiya ce ta yi mana wannan yaƙi ba. Hajiya Gambo Sawaba ce, 'yar Sabon Garin Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta shugabanci reshen mata, ta sha duka, aka kore ta daga Kano, aka ɗaure ta har sau goma sha shida, ita da ɗimbin mata waɗanda ba a rubuta sunansu ba. Sai a 1976, da gwamnatin soja ta yi gyaran ƙananan hukumomi, aka ba matan Arewa ƙuri'a, suka kuma shiga babban zaɓe karo na farko a 1979. Kakata tana da 'ya'ya huɗu a lokacin. Takan ce ta dangwala wa jam'iyya mai alamar gida da masara ne don masara kam ta san ta, amma in ta gama dariya sai ta ƙara da cewa ranar ce ta fara jin hukuma ta ƙidaya ta cikin mutane. Ku duba wani abin mamaki. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, ɗan garinmu ne, an haife shi a 1957. Sai da ya kai shekara goma sha tara kafin mace ɗaya a garinsu ta samu ikon jefa ƙuri'a.

Ina ganin hannun da ya bar sunan tsohuwa a waje lokacin rubuta littafin tsirrai, shi ne ya bar sunanta a waje lokacin rubuta rajistar zaɓe. Ana son aikinta, ba a son sunanta. Har yau ɗin nan haka abin yake. Ranar zaɓe kowa ya ga tsawon layin mata a Aliero da Maiyama da Jega, da goyo a baya, an sallame su da taliya da sabulu da turmin atamfa. Amma a majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023 mata huɗu kacal suka samu kujera cikin 109, bayan a watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi haƙƙin mata.

Na san za a ce mini ai magungunan tsofaffi suna da illa. Gaskiya ne, ba na musu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma na sha yin gardama da kakata a kan wannan. Amma wannan hujja ce ta a ɗauki iliminsu a kai ɗakin gwaji a tace, a riƙe mai kyau a yar da mai cutarwa. Wanda ya raina abu ba zai tsaya ya auna shi ba.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Masu gawayi da masu itacen girki sun tasam ma marke da kaɗanya, gonaki suna cinye daji, kuma a wurare da yawa rashin tsaro ya hana mata shiga jeji. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuwa mun san sunan kowane ɗan ƙwallo na Turai amma ba mu iya bambanta ɗinya da kanya ba.

Saboda haka ina kawo wa ƙungiyarmu shawara biyu. Ta farko, a hutun nan mai zuwa kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki littafi ya zauna gaban wata tsohuwa a garinsu, ya rubuta sunan tsiro da yadda ake kiransa a karin harshen wurin, tun da abin da Bakano ke kira darbejiya mu dogon yaro muke ce masa, Bakatsine kuwa ya ce bedi. Ya rubuta amfaninsa da lokacin ɗibansa, sa'an nan, da izininta, ya rubuta sunanta da garinta da ranar da ta faɗa. In mun tara, mu nemi 'yan'uwanmu na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 su taimaka mana da gwaji, mu buga da sunayen masu ilmin a sama. Ta biyu, zaɓen shugabannin ƙungiyar nan yana tafe. Kullum kujerar ma'aji ko ta mai kula da walwala ake ware wa mata, don mu riƙe kuɗi mu raba lemo. 'Yan'uwana mata, bana mu nemi ta shugaba. Shi kuma ɗan'uwanmu mai hula, ina gayyatarsa Maiyama ya bi kakata daji yini ɗaya, in ya dawo sai mu sake muhawarar.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu maza da mata, amin. Wassalam.