Tsawon Dogo Ba Na Tsinko Mangwaro Ba Ne Kaɗai

A kowace unguwa ta Ikara, Makarfi ko Hunkuyi akwai wani yaro da ya kere sa'o'insa tsawo, wanda sunansa na yanka ya ɓace tun yana firamare aka koma kiransa Dogo. Shi ake turawa ya tsinko mangwaro, shi ke sauya ƙwan lantarki a masallaci. In ya tasa sai ya shiga dakon rake a kasuwar Makarfi ko lodin tumatir, kwandon da ya sani a duniya ke nan. Sana'a ce ta halal, ba mu raina ta ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: Dogo bai zaɓa ba, babu wanda ya taɓa nuna masa wata ƙofa.

Abin takaicin shi ne ƙofar tana bayan gidanmu. Daga Hunkuyi zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, kuma Zariya gari ne da ke da suna a ƙwallon kwando. A nan wani Ba'amurke, Oliver B. Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa yara wasan. Ta hannunsa Masai Ujiri ya biyo, yaron da ya tashi a Zariya, ya fara taɓa ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13. Masai bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar NBA ta Amurka ba. Ya yi 'yan shekarunsa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan ya koma farauto wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa, da farko ma ba a biyansa ko sisi. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA karon farko a tarihinta, shi ne shugabanta. Duk abin da duniya ta san shi da shi, bayan ya ajiye takalmi ya yi shi.

Nan ne gizo ke saƙar. Mu a tunaninmu rayuwar ɗan wasa tana ƙarewa ne ranar da gwiwarsa ta gaza. A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, ranar ce ake buɗe masa ƙofa ta biyu da ta uku: koyarwa da sharhi. Dubi Steve Kerr. Shekara 15 ya yi yana wasa a NBA, abin da yake ci a wasa bai wuce maki 6 ba in an daidaita, duk da ya ɗauki kofi 5 da Chicago Bulls da San Antonio Spurs. Da ya yi ritaya a 2003 sai ya koma sharhi a talabijin, yana fahimtar da mai kallo dalilin da ya sa aka jefa ƙwallo nan ba can ba. A 2014 Golden State Warriors ta ɗauke shi koci, ya ci mata kofi 4, sannan ya jagoranci Amurka ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta 2024 a Faris. Mutum ɗaya, an ci moriyarsa sau uku.

Mu kuwa fa? Ina waɗanda suka buga wa Kano Pillars da Kada Stars da jami'ar Ahmadu Bello shekara 15 ko 20 da suka wuce? Sun ci moriyar ganga, mu kuma mun ya da kwaurenta. Abin da ke kansu na dabarar tsaron gida, da yadda ake koya wa yaro riƙon ƙwallo da hannun hagu, da yadda ake jinyar targaɗe, duk yana tsufa tare da su. Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwon: manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya san cikinta, ranar da ya bar wurin ta mutu, sai a sake daga farko. Haka muke yi wa wasanni, kowane zamani sai ya faro daga sifili.

Za a ce ana fama da tsadar taki da matsalar tsaro, wa ke ta wasa? To ai yaron da ba shi da inda zai je bayan la'asar shi ne mai sayar da ƙwaya yake jira, shi ne kuma ɗan siyasa yake bai wa gora ranar kamfen. Za a ce babu kuɗi. Filin kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon na rataye a mita 3.05. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai haɗiye irinsa fiye da 15. Akwai ma wasan 'yan uku-uku da rabin fili da kwando ɗaya ya ishe shi, kuma ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokyo. Abin da ake kashewa a gasar cin kofin wane da wane duk kakar zaɓe, wadda ake mantawa da ita washegarin rantsuwa, da zai zuba daɓen siminti a makarantar sakandare ya yi saura.

Za a ce wasan yana ɓata tarbiyya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995 da Houston Rockets, kuma da azumi a bakinsa yake shiga fili in Ramadan ya kama. Abin da ke ɓata yaro zaman banza ne da rashin babba a kansa, koci kuwa babba ne.

Kada kuma wani ya ce a jira Abuja. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin kwando na duniya saboda rikicin shugabanci a hukumar wasan. Kafin a janye matakin, 'yan matanmu na D'Tigress sun rasa gurbin da suka yi gumi suka samu a gasar cin kofin duniya, aka miƙa wa Mali. Mai jiran wannan tuwon zai kwana da yunwa.

Sai ƙofa ta uku, wadda muka fi sakaci da ita: murya. Da wa ya san Shago a wajen da'irar 'yan dambe in ba don Ɗan Anace ba? Ƙwallon ƙafa ma ba ta shiga jininmu ba sai da masu sharhi a rediyo suka ba ta harshe, suka ce satar gida, suka ce bugun daga kai sai mai tsaron gida, har tsohuwa a cikin gida ta san abin da ake nufi. Ƙwallon kwando har yau baƙuwa ce a bakin Bahaushe, domin ba ta samu mai yi mata wannan hidimar ba. Kuma ba sai an jira gidan rediyo ba. Wayar da kake karanta wannan rubutun da ita ta isa a watsa wasa kai tsaye a Facebook, in dai akwai tsohon ɗan wasa a gefen fili yana bayani da Hausa.

Buƙatarmu ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan ba ta da yawa. Fili ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a jikin makaranta, da lokacin maza da lokacin mata. Tsohon ɗan wasa ɗaya daga Zariya ko Kano, a yanka masa alawus na wata-wata, a rubuce, yadda sauyin shugaba ba zai kore shi ba. Ragowar aikin namu ne: mu ɗauki wasan a waya, mu ajiye sakamako da sunayen yara, mu raɗa wa kowace dabara suna.

Ba mu ce kowane Dogo zai je Amurka ba, cikin dubu da wuya ɗaya ya je. Amma wani zai samu gurbin karatu, wani zai zama koci, wani zai zama muryar da ƙannenmu za su tashi da ita a kunne. In kuwa muka ci gaba da tura shi bishiyar mangwaro, ranar da wasu suka ɗaga kofi da yaran da ba su fi namu komai ba, kada mu ce ƙaddara ce.