Martani: Ba Kowace Giyar Hannu Ke Ɗaukar Turbo Ba

Malam, ka rubuta cewa duk wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi ya sa kowace giyar hannu, wai ai ba ta mutuwa. Haba! Ka leƙo garejin makanikan Wagadugu ka ga giyabos a buɗe, haƙoran lamba uku sun zube cikin baƙin mai kamar tsakuwa. Ƙarfin murɗawar injin ne ya karya su, ba gudu ba.

Su kansu Toyota ba su yi wannan gangancin ba. A Supra ta ƙarshen shekarun 1980, marar turbo suka ba giyabos W58, mai turbo kuwa R154, wadda ta fi ta kauri da nauyi. Ka fi su sanin motarsu ne?

Kuma ka manta yawancin kayanmu na hannu ne, daga tashar jirgin ruwan Lome suke zuwa, sun riga sun ci wuya a Turai. Ga zafin Afrilu da ke tsinka mai, ga lodi.

Matasa, kafin ku taɓa inji ku tambayi lambar giyabos, ku sauya kuloci, a zuba man da ya dace. In kuɗin bai kai ba, a bar injin yadda yake.