Kilo goma cikin sati biyu? Ƙarya ce

Wata malama a lakwal ɗinmu ta sayi shayin rage ƙiba ta WhatsApp, jika goma sha biyar, wai kilo goma cikin sati biyu. Zawo ta dinga yi har ta faɗi gaban ɗalibai. Ruwan jiki ne ya zube, kitsen yana nan daram.

Ni dai damfara nake kiran wannan ciniki. Abin da likitoci ke cewa, rabin kilo zuwa ɗaya a sati. Mai kilo 90, in ta sauke 5 zuwa 9 cikin wata shida, hawan jini da ciwon suga kan yi sauƙi. A rage sukari a fura da shayi, a taka da ƙafa. Iyaye, ku duba, lambar mai shayin nan har wayoyin ƴan matanmu ta shiga.